Ranar da Na Ajiye Kunya a Kangon Anka

A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya, irin matan nan da ko tari ba sa yi da ƙarfi idan suruki yana zaure. A wani ƙauye kusa da Zugu aka haife ni, a ƙasar Bukkuyum, can na yi aure, kuma na ɗauka can za a binne ni. Mijina yana acaba a kudu, sai da salla muke ganinsa. Inna ta rasu da daɗewa, saboda haka ɗawainiyar Baba ta dawo kaina, ni ce babbar 'yarsa. Na rubuto ne don wataƙila akwai mai tsoho irin nawa a gida, yana zaune hankali kwance kamar yadda na zauna.

Baba wanzami ne, kuma ba a Najeriya aka haife shi ba. Yana saurayi ya sauko cin rani daga Nijar da zabirarsa a kafaɗa, ya iske ƙauyenmu ba su da wanzami. Mai gari ya sauke shi, ya ba shi gona, daga baya aka ba shi Inna. Ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda, shi ma bai san ana yin ta ba. Tsofaffinmu Faransa suke ce wa Nijar, don haka kowa Na-Faransa yake kiransa, har jikokinsa. Sunan wasa ne. Abokansa su ce ya zo ya cinye musu dawa, shi kuma ya ce da bai zo ba da har yau gashi ya rufe musu ido. A wurinmu da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a tsallaken iyaka, kuma damuwarmu ba ta wuce ruwan sama da 'yan bindiga ba.

Mijina ne ya fara kawo mini wata magana daban. Idan ya kira waya yakan ce can kudu ba su da zance sai na baƙin haure, duk Bahaushen da ya hau babur ɗan Nijar ne a idonsu, ko da katinsa na ɗan ƙasa a aljihu. Ya ce in ja wa Baba kunne ya rage faɗin asalinsa. Na yi dariya na ce wannan ciwon mutanen kudu ne, mu nan wa zai tsaya tambayar tsoho inda aka yanke masa cibiya? Wannan dariyar ita ce abin da nake nadama har yau, domin ko sau ɗaya ban isar wa Baba saƙon ba.

Da hare-hare suka yi yawa, ƙauyenmu ya watse. Mai gari ya yi Gusau, wasu suka yi Gummi, mu kuma da yawancin mutanenmu muka tare a wani kangon gini a Anka, kowa ya kewaye gefensa da buhu da zana. Ban daɗe ba na lura Anka ba ƙauyenmu ba ce. Haƙar zinariya ta tara maza daga ƙasashe daban-daban a dazukan wurin, wasu ko Hausa ba sa ji, kuma mutanen gari sun gaji da jana'iza. A bakin rijiya da wurin niƙa zancen ɗaya ne, wai baƙin haure ne ke shigo da bindiga, su ne ke kai wa ɓarayi rahoto. Samarin da ke sintiri har fuskar mutum suke dubawa, in sun ga zube, wato tsagar gado irin tamu, su ce ɗan gida ne. Ina jin duk wannan, amma a raina baƙon haure wani ƙato ne mai rawani da ba a san shi ba. Ban taɓa haɗa kalmar da tsohon da nake dama wa kunu kullum safe ba.

Baba ba ya iya zaman banza. Ya sami gindin wata bishiya a bakin kasuwa yana aski. Ranar wata kasuwa, a makon da aka tare hanya aka kashe matafiya, wani tsohon abokinsa da suka rabu tun ranar gudu ya hango shi. Murna ta kama shi, ya ƙwala masa kira da sunan nan nasa tun daga nesa. Samarin sintiri suna kusa. Suka matso suka tambayi Baba ko gaskiya ne shi ba ɗan ƙasa ba ne. Baba ya ɗauka irin wasan gida ne, ya yi dariya ya ce ƙwarai kuwa, har ya faɗa musu sunan garinsu. Suka ce ina takardarsa, ya ce takardar me. Suka zazzage zabirar, asake suka zubo ƙasa, nan take wani ya ce ga makamai. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da fura ce ta yar da ƙwaryarta ta sheƙo ta gaya mini.

Na sami Baba a rumfar 'yan sintirin da ke bakin gari, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar ɗaurin kaya, hularsa a ƙasa. Ban taɓa ganin kan Baba a buɗe cikin mutane ba sai ranar. Kowa a Anka ya san idan aka ce za a kai mutum bayan gari a yi masa tambaya, ba a sake ganinsa, kuma na ji da kunnena suna cewa da la'asar za su tafi da shi. Na durƙusa gaban shugabansu na roƙe shi da Allah da Annabi. Mutumin bai yi mini tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce tsohon da bakinsa ya amsa, kuma shaidar 'ya a kan ubanta ba shaida ba ce. Ya ce ƙanensa yana cikin waɗanda aka kashe a hanyar nan, shi ya wanke gawarsa. In dai akwai maza 'yan ƙasa da za su tsaya su ce sun san Baba, in kawo su kafin la'asar.

Na koma kango da gudu ina ganin abu ne mai sauƙi, tunda rabin ƙauyenmu yana wurin. Mazan suna zaune a inuwar bango, labari ya riga ni isa. Na tsuguna daga nesa kamar yadda aka koya mini, na rufe fuska, na gaishe su, na faɗi buƙatata a hankali. Wannan ya dubi ƙasa, wancan ya ce Allah Ya kyauta. Wani ya ce su ma baƙi ne a garin, duk wanda ya tsaya wa wanda ake zargi gobe shi za a ce ɗan rahoto ne. Abokin nan da ya yi kiran ma ya gudo kangon ya ɓuya, yana kuka a bayan zana. Surukina yana cikinsu, ya ce in yi haƙuri in je in yi addu'a. Ban ce tsoronsu ƙarya ba ne, amma ina kallon inuwar bangon tana tsawo, wani abu ya taso mini daga ciki wanda ban san ina da shi ba.

Na miƙe tsaye. Na yaye mayafin daga fuskata, a gaban suruki, a gaban limamin ƙauyenmu, na ɗaga murya yadda har na bakin titi sai da suka juyo, na ce: "Duk namijin da tsohon ga yay yi ma kaciya, shi tashi tsaye in gane shi! In ko ba shi tashi, ni ɗiyar wanzami ce, na san ku ɗai-ɗai, yanzu ni hwara kiran suna!" Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba. Mace ba ta furta wannan kalma gaban maza a wurinmu, balle gaban uban mijinta.

Wata tsohuwa ce ta fara amsa mini. Ta fashe da dariya, ta nuna wani ƙaton magidanci mai gemu ta ce ita ta dama masa kunu lokacin da yake zaman jinya yana kiran Inna. Mata suka ɗauka. Wannan ta ce Baba ne ya cire wa duk 'ya'yanta beli, waccan ta ce shi ya yi askin sunan jikokinta, shekarar yunwa ma ko ƙwayar hatsi bai karɓa ba. Suka fara ɗaura mayafi a ƙugu suna cewa in mazan ba za su ba, su za su. Magidancin nan mai gemu ya miƙe, kunya kamar ta kashe shi, ya ce a bar kiran suna don Allah, ga shi ya tashi. Na kusa da shi ya tashi. Kafin in goge hawayena babu wanda ya rage a zaune sai makafi biyu, su ma suna laluben sanda. Surukina ya gyara babbar rigarsa ya shige gaba, bai dube ni ba.

Haka muka ratsa Anka gab da la'asar, maza a gaba, mata a baya da goyo, mutane suna fitowa ƙofar gida suna tambaya ko gawa aka ɗauko. Da samarin suka hango mu sai suka miƙe da sanduna. Surukina ya yi sallama, ya matsa har gaban shugaban, ya sa yatsa a kan zuben wani ɗan'uwan mijina. Ya ce wannan tsagar da kuke dubawa ku ce mutum ɗan gida ne, askar tsohon nan ce ta yi ta, a fuskar wannan da wancan da duk waɗanda ke bayana. In shi baƙo ne, to sai ku faɗa mana mu su wane ne. Liman ya ce shekara da shekaru Baba yana sahun gaba a bayansa, kuma in za a kai shi bayan gari sai dai a haɗa da shi. Mazan da ɗazu suke kallon ƙasa suka shiga rige-rigen magana, kowa yana faɗin abin da ya sani.

Shugaban ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sunkuya da kansa ya kwance igiyar, ya ɗauki hular ya kakkaɓe ya miƙa wa Baba. Ya ce shi ya gamsu, amma ba shi kaɗai ke sintiri a ƙasar ba, in muna da inda za mu kai shi mu kai shi. Baba kuwa ko godiya bai yi ba, sai ya ce ba inda za shi sai an tattara masa asakensa, kuma sai da aka tattara. Mata suka rangaɗa guɗa kamar ana kai amarya, aka sa shi a tsakiya har kango. A hanya yana ta mita wai an sa ya bar wani da rabin kai ba aski.

Bayan 'yan kwanaki na kai shi Gummi wurin ƙanwata, ni ma na zauna can tare da shi. Ranar da muka isa, kafin in sauke kaya na ja shi gidan mai unguwa, na faɗi asalinsa da bakina a gaban dattawa. Suka yi ta mamakin abin da ya sa nake rawar murya, su zancen ambaliya da tsadar taki ne ya dame su. Igiyar nan ta bar masa rawar hannu, ya daina kaciya da tsaga, sai ɗan aski. Ni kuma har yau in na je Anka na hango surukina sai in canza hanya, duk da an ce mini yana ba da labarin yana dariya.

Abin da na koya shi ne, abin da ake wasa da shi a garinku yana iya zama abin kisa a garin da bai fi tafiyar yini ba, kuma mutanen can ba lalle mugaye ba ne, wani lokaci gawa suka binne jiya. In kuna da tsoho ko miji ko maƙwabci da ya tsallako iyaka tun da daɗewa, kada ku yi dariya irin tawa. In gudu ya kai ku wani gari, ku kai shi gaban masu gari tun ranar farko, ku nema masa takarda in da hali. Ku kuma da kuka san mutum, kuka ci abinci da shi, kada ku jira sai wata ta zubar da kunyarta a gabanku kafin ku buɗe baki. Ni dai na zubar da tawa, kuma in an sake zan ƙara, da ƙarfi fiye da na farko. Baba yana nan da ransa, ko yau da safe sai da ya yi mini faɗa wai kununa ba tsamiya.