Tsagar Katangar Kakana

Jiya a cikin keke na ji labarin girgizar ƙasa a rediyo, sai kakana ya faɗo mini a rai. Magini ne, ba ya yarda da abin da hannunsa bai shafa ba.

Shekarar da katangarmu ta Tudun Wada ta tsage, sai ya zargi maƙwabcinmu, wanda ya haƙa rijiya dab da ita. Har gaisuwa suka daina. Wata rana na dawo daga makaranta na sami kakan nawa tsugune yana kwaɓi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar laka ya cika tsakar gida.

Na ce, "Kaka, an koya mana doron duniya a fashe yake kamar tsohuwar ƙwarya. Kowace sakaina tana tafiya a hankali, kamar tsirowar farce. In sun yi karo, duwatsu su taso."

Ya daɗe yana kallona ta wutsiyar ido. Ya ce, "Amarya, mai rijiya ne ya aiko ki?"

Na rantse ba shi ya aiko ni ba. Ya manna laka a kan tsagar, ya dangwala babban yatsansa. Ya ce, "In duniya ce ke tafiya, katangar kowa za ta tsage."

Tamu kaɗai ta ƙara buɗewa. Karatuna gaskiya ne, amma ba shi ya tsaga ta ba. Ɗazu na shafa gurbin yatsan nan, na ji tuni ya rabu biyu.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ƙasar da ya ƙi yarda tana motsi ta kwanta masa luf.