Kwaɗon da Na Sa wa Babana

Babana bai taɓa kiran sunana ba sai da jini ya taru masa a cikin kai. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu na Bungudu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. A ɗakin kakata na tashi. In na shigo zaure, sai Baba ya tuna bai duba shanunsa ba. In na durƙusa gaishe shi, bango yake kallo yana amsawa. Da ina yaro "wancan" yake ce mini, da na fara koyarwa a Gusau sai na samu ƙarin girma na koma "mutumin Gusau". Duk saƙon da ke tsakaninmu ta bakin ƙanwata yake bi, autarmu, wadda ke aure a Tsafe. Ita kam har hularsa takan cire ta ce ta yi datti, yana dariya. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Har alfahari nake yi da shi a ɗakin malamai, ina ce wa yaran zamani ba su san tarbiyya ba.

Wajen ƙarshen wata damina aka kira ni daga gida aka ce in zo, Baba ya canza. Yana kukan ciwon kai, yana barci da rana kamar jinjiri, kuma an gan shi ya yi sallar la'asar sau biyu. Na je na same shi a ƙofar gida cikin dattawan unguwa. Tun daga nesa ya hango ni, ya ɗaga murya ya kira sunana cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Sannan ya ce, "Taho ka zamna kusa gare ni." Na zauna, ya ɗora hannu a kaina yana shafawa, ni da furfura a gemu. Ya kamata tsoro ya kama ni, ko tausayi. Abin da na ji kunya ce kawai, har na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Wani dattijo ya ce rikicin tsufa ne, wani ya ce iska ce, a nemo rubutu.

Ranar na ɗauko shi zuwa Gusau. Na gaya wa mutanen gida don asibiti ne, amma rabin dalilin shi ne kada Bungudu ta samu abin hira.

A wani ƙaramin asibiti muka ga likita, wata yarinya mai natsuwa. Ta gwada jininsa, ta haska masa ido, ta sa ya matse yatsunta da hannu biyu. Sai ta juyo gare ni ta tambaya ko ya faɗi, ko wani abu ya buge shi a ka cikin 'yan watannin nan. Ta ce ko ƙaramin bugu ne in tuna, domin in akwai, hoton kai za ta tura mu mu yi a ranar. "Malam, kai ne babban ɗansa, ka fi kowa saninsa," in ji ta.

Ban sani ba. Ta ina zan sani? Mutumin da ban taɓa yin hirar minti biyar da shi ba, ban taɓa ganin kansa ba hula ba tun da na yi wayo. Amsar gaskiya mai sauƙi ce, in ce bari in kira ƙanwata. Wayar tana aljihuna. Amma ga ni da babbar riga da biro a aljihu, an kira ni Malam, an ce na fi kowa saninsa. Na gyara zama na ce bai faɗi ba, babu abin da ya buge shi. Ta sake tambaya, na sake faɗa, har da ɗan ɓacin rai, irin muryar da nake yi wa ɗalibi mai musu. Ta ba shi maganin hawan jini da na ciwon kai, ta ce in ya ƙara rikicewa ko wani sashe na jikinsa ya yi nauyi, kada mu kwana, mu wuce babban asibiti.

Kwana goma sha tara ya yi a gidana na Damba. Ƙafar hagu ta fara ja, na ce kwanciya ce ta yi masa yawa. Cokali ya fara faɗuwa daga hannunsa, na ce santsi ne. Ya fara fitsari a kwance, matata tana wanke shimfiɗa tana dubana. Sunana kuwa daga safe zuwa yamma, ta taga, har maƙwabta suna ji. Kullum ƙanwata ta kira sai in ce da sauƙi, kada ta wahalar da kanta da hanya. Ba na so ta zo ta ga yadda ya koma a hannuna, ba na so kuma a ce autar gida ta iya abin da babban wa ya kasa.

Sai ranar da dangin yaron da ke neman babbar 'yata za su zo gaisuwa. Mutane ne masu ido, irin waɗanda ke tambayar asalin gida har kaka na uku, kuma na san in suka ga Baba kalma ɗaya za su koma da ita: akwai taɓin hankali a gidan. Bayan azahar na leƙa ɗakinsa, yana kwance idonsa a rufe. Na jawo ƙofa a hankali, na ɗauko kwaɗon da muke rufe ɗakin hatsi da shi, na maƙala, na sa makullin a aljihu. Ban duba ko akwai ruwa a ɗakin ba.

Muna tsakiyar gaisuwa na fara jin bugun ƙofa. Ba da ƙarfi ba, daga ƙasa-ƙasa, sai sunana ya biyo baya. Ɗaya daga cikin baƙin ya karkata kunne. Na tashi da fara'a na ce zafi ya yi yawa, na fita na tayar da janareta, alhali akwai wuta. Na dawo muka ci gaba da raha cikin ƙararsa. Na ba da labarai, an yi dariya, an yaba mutuncin gidanmu.

Baƙin suna fita bayan la'asar ƙanwata tana sauka daga kan babur, da ƙullin dawon fura a hannu, ba ta gaya wa kowa za ta zo ba. Ta wuce ni kai tsaye zuwa ɗakin. Ta tsaya tana kallon kwaɗon.

"Yaya, wa yas sa wanga?"

Na fara bayanin baƙi, ta miƙo hannu kawai. Na ba ta makullin. Ƙofar ba ta buɗu duka ba, domin yana kwance a bayanta, ya jawo jiki daga katifa har nan, leɓunansa sun bushe. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, ta cire hular, ta shafa gefen dama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Nan karkiya tab buge shi, tun huɗar hwarko. Sa ya hizge shina ɗaure shi. Shi da bakinai yah hwaɗa mani, har muka yi dariya. Likita ba ta tambaya ba?"

Na ce ta tambaya.

"Kac ce mata mi?"

Ta dubi fuskata, ba ta sake tambaya ba. Ta ce in nemo mota.

A babban asibiti aka yi masa hoton kai. Mun yi sa'a likitan ƙwaƙwalwa yana gari, wani dogon mutum mai magana a hankali. Ya nuna mana hoton. Ko ni da ban san komai ba na ga wani abu kamar jinjirin wata ya kwanta a gefen dama, ya tura ƙwaƙwalwar gefe. Ya ce tsohon jini ne. Ƙwaƙwalwar dattijo takan ɗan janye daga ƙashin kai, 'yan jijiyoyin da ke tsakani su miƙe, bugu kaɗan sai ɗaya ta tsage ta riƙa ɗiga a hankali, mako da makonni, mutum yana yawonsa. In ya taru sai hali ya canza, sai ɓangaren jiki ya mutu, in an bari kuma sai barcin da ba a tashi. Ya ce da an kawo shi da wuri da aikin ya fi sauƙi, kuma ba zai yi mana alkawarin ƙafar za ta dawo ba. Aka miƙo takardar amincewa. Ni aka ba, don ni ne babba, na sa hannu da biron nan nawa.

Da safe aka shiga da shi. An aske gefen kan, aka huda ƙashin wuri biyu, kowace huda ba ta fi bakin kwalba ba. Likitan ya gaya mana daga baya cewa jinin ya fito baƙi, da ƙarfinsa, kamar tsohon man inji. Suka wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi har ya fito fari, suka bar 'yar roba tana tsiyayar da saura cikin leda. Aka ce ya kwanta a miƙe ba matashi kwana biyu, don ƙwaƙwalwar ta koma mazauninta. Aikin da na ɗauka za a fasa kai kamar ƙwarya bai kai tsawon darasi biyu ba.

A rana ta biyu wani ƙaramin likita ya same ni a baranda da takardu. Ya ce suna bincike a kan dattawan da ke zuwa da irin wannan ciwo, suna so su gane abin da ke sa a makara, da yadda ake warkewa bayan huda. Ba za a rubuta suna ba, kuma in na ƙi ba abin da zai ragu a jinyar. Na yarda. Ya tambayi shekaru, ya tambayi bugun, ya tambayi kwana nawa tsakanin alamar farko da zuwanmu. Sannan ya zo kan dalilin jinkiri, ya karanto mini jeri: rashin sani, nisan hanya, maganin gida, da sauransu. Na duba jerin nan sama da ƙasa, nawa dalilin ba ya ciki. Na ce nisan hanya. Ya ɗago ya tambaye ni daga ina muka zo. Na ce Damba, unguwar da ɗan acaɓa ke kaiwa kafin ka gama gaisawa da shi. Ya rubuta abin da na faɗa. Har yau ina tunanin a wani wuri cikin binciken mutanen nan akwai ƙaryata, an lissafa ta da gaskiyar wasu.

A rana ta uku na shiga ɗakin da safe na same shi a farke, ƙanwata tana ba shi kunu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya juya fuska ga bango ya amsa. Ƙanwata ta fashe da kuka tana hamdala, domin ta gane Baba ya dawo. Ni ma na yi hamdala, amma na san ba zan sake jin sunana a bakinsa ba, kuma kwana goma sha tara da ya yi yana kira, ban amsa da daɗin rai ko sau ɗaya ba.

Na samu likitan ƙwaƙwalwar a keɓe na tambaye shi ko masu irin wannan ciwo suna tuna abin da ya faru lokacin rikicewar. Ya ce wasu ba sa tuna komai, wasu kuma sukan riƙe guntu-guntu. Ya ɗauka damuwar ɗa ce a kan ubansa. Ni kuwa addu'a nake yi Allah ya shafe masa makonnin nan gaba ɗaya.

Hannun ya dawo sarai. Ƙafar ba ta dawo duka ba, har yau da sanda yake zuwa masallaci, kuma bai sake bin bayan shanun huɗa ba. Likitan bai taɓa cewa jinkirin ne ya jawo ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da aka cire zare muka mayar da shi Bungudu. Mutane suka cika zaure ana barka, ana leƙa tabon nan biyu. Da aka watse, saura mu uku, na durƙusa zan yi sallama. Ya sa hannu a aljihun rigar da aka kai shi asibiti da ita, ya daɗe yana lalube, ya fito da kwaɗon. Ashe ran nan da ƙanwata ta buɗe ƙofar ta yar da shi a ƙasa, ya ɗauka. Bai dube ni ba. Ya miƙa mata.

"Ki ba mutumin Gusau abinai, kar shi neme shi. Ki ce mai na gode da jinya." Ya ɗan tsaya yana kallon bango. "Ki ce mai ran nan ba hita niy yi niyya ba, na san da baƙi. Ruwa ɗai nike so."

Ƙanwata ba ta maimaita saƙon ba, karo na farko a rayuwarmu. Ta ajiye kwaɗon a kan tabarma tsakanina da shi. Na sa hannu biyu na ɗauka.