Yaya Sale da Ɗacin Maganin Ido

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Sale, mai albasa a kasuwar Mile One ta Fatakwal. Duk sanda azumi ya gabato sai ya faɗo mini a rai. Ina yi masa addu'a, amma wallahi har faɗa nake yi masa a zuci, don taurin kansa ya kusa makantar da shi.

Tare muka koma Fatakwal bayan yaƙin basasa, muka tarar da rumfarmu ko jinka babu. Ba a jima ba kuɗin mai ya buɗe gari, albasa na sauka mota-mota. A cikin wannan hada-hadar Yaya ya fara tuntuɓe da buhuna. Mutum zai tsaya ta hagunsa yana miƙo hannu, shi ko bai gan shi ba, har aka fara cewa arziki ya sa masa girman kai.

Da ƙyar na ja shi Inugu wurin likitan ido. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, saura na dama. Ya yi mana bayani cewa jijiyar gani da ke bayan ido da jini take rayuwa, shi ke kai mata iskar da muke shaƙa. Ruwa in ya taru a ido sai ya matse hanyar jinin, kamar an taka tiyo, jijiyar ta yi ta mutuwa a hankali ba ciwo. Maganin ɗigawa shi zai rage ruwan, amma kullum ne, har da rana.

Yaya ya bi doka tiryan-tiryan, sai da azumi ya kama. Matarsa ce ta tsegunta mini ya ajiye kwalbar maganin, wai in ya ɗiga yana jin ɗaci a maƙogwaro, ka ga azumi ya karye ke nan. Ga shi ya fara ganin hazo a kewayen fitila. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, a gaban masu ciniki kuwa. Ya bar ni na gama tsaf.

"Habu, ido dai a kabari zai ruɓe," in ji shi. "Azumin fa?"

Tsoro ya kama ni. Na dai sake tisa ƙeyarsa zuwa Inugu. Likitan ba Musulmi ba ne, bai kuwa yi masa gardamar addini ba. Ya nuna masa cewa akwai 'yar hanya daga lungun ido zuwa hanci, ta nan maganin ke gangarawa. In ya ɗiga, ya rufe ido ya danne wurin da yatsa na ɗan lokaci. Yaya ya gwada a nan take, ya yi ta haɗiyar yawu yana neman ɗaci, babu. Aka duba idon, jijiyar na nan da ranta. Ni dai zama na yi daɓas a benci. Da muka dawo, limamin unguwarmu ya ce abin da bai kai maƙogwaro ba bai taɓa azumi ba.

Yau da Yaya zai ga yadda ake tallan maganin ido a cikin bas da kasuwar Oil Mill, samari na ɗigawa don ido ya yi fari kawai, na san sai ya ƙwace kwalbar ya kora su asibiti. Mutumin da aka ja da ƙyar, daga baya shi ya zama mai jan wasu.

Rumfar ta tafi, albasar ma haka. Amma da idonsa ya bar duniya. A jinyarsa ta ƙarshe, ina shigowa tun daga bakin ƙofa ya ce, "Habu, hularka ta karkace."

Bara aka ce ni ma ina da ciwon, ashe yana bin dangi. Ranar farko ta azumi na ɗiga maganina da azahar, na danne lungun ido da yatsa yadda na saba ganin yana yi a bakin rumfa. Ban ji ɗaci ba. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya haskaka kabarinsa.