Kar Ka Share

Tsohuwar kwamfutata ta yi shekara goma sha ɗaya a hannuna kafin ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, kamar ɓera na gurgurar ƙashi. Batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa, in aka ɗauke wuta ita ma sai ta ɗauke. Na yi ta lallaɓa ta, don ni akwai riƙon tsohon abu, har yau da kofin da na yi makarantar kwana da shi nake shan shayi.

Takardun ofis da ke cikinta ba su dame ni ba, akwai su a wurin aiki. Abu ɗaya ne: wani fayil da na sa wa suna "Baba Sallah". Minti arba'in ne na muryar mahaifina, na ɗauka wata Sallah a Funtuwa yana ba jikokinsa labarin zamanin da yake tuƙa babbar mota. Shekara uku da suka wuce ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Na ɗauko shi ya dawo wurina a Kurmin Sarki, nan Suleja. Yana ji, yana ganewa, yana ma harara in an yi masa ba daidai ba, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Duk duniya babu inda muryarsa ta rage sai cikin wannan akwalar. Kada a tambaye ni me ya hana ni kwafe fayil ɗin a wani wuri tuntuni. Gobe-gobe ce kawai.

Da na sayi sabuwa, sai na ɗauki duka biyun da safe na kai wa wani mai gyara a unguwar Hashimi ya kwashe min kayan tsohuwar zuwa sabuwar. Mutumin Anambra ne, dattijo mai furfura a gemu, ya haura shekara ashirin a Suleja. Hausarsa ta nuna, kuma yana ji da ita, ko da Turanci ka yi masa magana da Hausa zai ba ka amsa. Ya kunna tsohuwar, ya kara kunne a jikinta.

"Hajiya, faifan ajiyar cikinta ya gaji," ya ce. "Kowace kunnawa rage masa kwana take. Sau ɗaya zan kwashe komai, in ya yarda."

Na ce, "Oga, amana ce na bar maka." Na hau mota na tafi aiki Abuja.

Bayan azahar muna cikin taro saƙonsa ya shigo wayata: "Hajiya na share duka files dinki."

Na karanta sau uku. Na share duka. Na fita daga taron ba sallama, na kira shi, layi ya ƙi shiga. Na sake kira, aka ce a kashe yake, wanda na san ƙarya ce. Sai na rubuta masa: "Don Allah kar ka share! Kar ka share komai!" Na ɗauki jakata na nufi tasha.

A Zuba muka tarar da cunkoso, tirela ta gitta hanya. Ina zaune tsakanin wata mai buhun tattasai da wani mai jin wa'azi a waya ba abin kunne, ina ta tsara irin zagin da zan yi wa mutumin nan. Sai ga amsarsa: "Ok Hajiya. Na gyara." Ban san me ya gyara ba, amma na ɗan samu numfashi.

Na iske shi yana sauya gilashin wata waya, hankali kwance. Ban ko zauna ba na ce, "Oga, wa ya ce ka share min kaya?"

Ya dube ni da mamaki, ya ɗauko wayarsa ya karanta saƙon nasa da ƙarfi: "Na shiya duka."

Shiya. Kalmar Turanci ce ya rubuta, ta tura abu daga na'ura zuwa na'ura, wadda a rubuce ba ta da maraba da tamu ta shara. Ni na karanta da Hausa. Nufinsa ya tura komai cikin sabuwar. Na zube a benci ina dariyar da ba ta daɗi ba, na ce, "To alhamdu lillahi, yana cikin sabuwar ke nan."

Bai yi dariya ba. Ya ajiye sukundireba a hankali.

"Ai kin ce kar in shiya, Hajiya. Na ɗauka akwai abin sirri da ba kya so ya fita daga tsohuwar. Sai na goge na sabuwar."

"Duka?"

"Har kwandon shara na zubar. Kuma irin waɗannan sababbin, abin da aka goge ya tafi."

Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Mutumin nan mutunci ya yi mini. Ni da yatsuna na ba da umarnin, har da alamar motsin rai biyu. Na gaya masa abin da ke cikin fayil ɗin, da halin da Baba ke ciki. Ya fita ya leƙa man janaretansa, ya dawo ya zare fanka da cajojin mutane daga soket.

Sai a kunnawa ta uku tsohuwar ta tashi. Na ce ya bar komai, wancan fayil ɗin kawai. Ya ce zai bi da wata manhaja mai tsintar duk abin da faifan ya iya karantawa. Koren layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar, yana yi yana tsayawa. Ƙas-ƙas. Na riƙe wayar wutar da hannuna don kada ta motsa. Duk addu'ar da na sani na karanta, har wadda ba ta wurin ba. Wani ya shigo neman caja, Oga ya ɗaga masa hannu ko kallonsa bai yi ba. Layin ya wuce kwata kaɗan, ya tsaya. Muka jira. Ƙarar ta yi sauri-sauri, sannan ta yi tsit. Ya kashe ya kunna sau huɗu, faifan bai ƙara motsi ba.

Minti goma sha ɗaya muka samu.

Kafin magariba na isa gida. Baba na kan kujerarsa a tsakar gida. Na ajiye sabuwar a kan kujera 'yar tsuguno a gabansa na kunna. Muryarsa ta cika gidan, mai kauri, da wannan dariyar tasa ta ƙasan maƙogwaro. Ya ɗago kai da sauri yana neman mai maganar, sannan ya gane. Hannunsa mai lafiya ya damƙe gefen kujera.

"To da muka iso Diko," in ji muryar, "ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga shanu talatin a bayana, sai birki ya ce bai san zance ba. Na dubi mai shanun na ce masa, Alhaji..."

Nan ta yanke.

Baba ya buɗe baki. Laɓɓansa suka yi ta motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya yi ya yi, sannan ya juyo gare ni ya ɗaga haɓa, alamar in ƙarasa masa. Ya tabbata na sani, tunda ni na ɗauka, ni na adana shekara tara. Ranar da na ɗauka, kunnawa kawai na yi na koma kicin ina suyar nama, kuma tun daga nan ban taɓa zama na saurara har ƙarshe ba.

Na ce, "Baba, ban san me ka ce wa Alhajin ba."