Kawu Ba Ya Hawan Tudu a Mota

Jiya motata 'yar ƙurƙura ta yi nishi a tudun da ke gaban Kwargaba, buhunan albasa sun danne mata baya, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Da jakai ya yi fataucin albasa har ya tsufa, sannan munka sayi motar, ni ke tuƙi. Ranar da munka fara kai kaya Goronyo, hadari ya haɗu, albasa kuwa ba ta son ruwa. Muna isa tudun nan ya ce in tsaya. Ya buɗe ƙofa ya sauka.

"Kawu, mi ya faru? Ruwa fa zai jiƙa muna kaya."

"Ba ka jin kukan motar? Ko jakina ban taɓa hawa ba in yana ɗauke da kaya a tudu."

Ya bi ta a ƙasa, tafin hannunsa bisa ƙarfenta mai zafi, yana lallashinta, iska na kaɗa rigarsa mai warin albasa. Tun ranar bai fasa ba har ya rasu.

Jiya kujerarsa ba kowa, amma na rage gudu.

Allah ya sauke wa Kawu nauyi, yadda ya sauke wa abin da ba shi da bakin roƙo.