Kwana Bakwai Aka Ce wa Ramalan

Faɗan da na yi da Ramalan ɗan acaɓa a kan hanyar Kibiya aka yi shi, ranar kasuwa da hantsi. Ya ɗauko ni daga Zurgu da kwandon daddawata a cinya, kamar yadda ya saba, sai kawai na ga mutum ya miƙe tsaye a kan babur yana tuƙi kamar mai leƙen katanga. Muka faɗa wani rami, kwando ya yi tsalle, daddawa ta watse a ƙasa. Na sauko na wanke shi tas. Na ce wasan yara ya koma da furfura a gemu? Ya ce kujerar ce rana ta gasa. Na ɗora tafina a kan kujerar, na ji ta sanyi ƙalau. Sai na dubi tsayuwarsa, ƙafafu a ware, gumi na bin wuya.

"Basir ne, ko?"

"Haba Iya Fanta, a kan titi?"

"A kan titin ka zubar min da daddawa."

Ramalan ɗan Malam Dalhatu mai jakai ne, na bayan masallaci. Tun yana ƙarami ba ya shiri da fartanya, amma a ce ya kora jaki ya kai gero Rano, sai ya tafi yana waƙa. Da zamanin jakai ya wuce ya koma keke, daga keke ya haye babur, bai ƙara sauka ba yau shekara goma sha tara. Babu ramin da bai sani ba tsakanin Zurgu da Saji da Rurum da Kibiya. Ya san matar da ba ta son gudu, ya san tsohon da sai an tsaya masa a hanya. Ya ɗauki masu naƙuda, ya ɗauki awaki a ɗaure, har ƙofar ƙarfe ya taɓa ɗauka da mai ita a zaune a baya. Gonar da ya gada ba ta riƙe gida, don haka matarsa Huseina da 'ya'yansu shida abin da babur ya kawo shi suke ci. Ɗan acaɓa kuwa da mazauninsa yake neman abinci. Ranar da ya kasa zama, ranar sana'a ta ƙare.

Shi ya jawo wa kansa, in ana son gaskiya. Shayi da burodi da safe, gurasa da yaji da rana, tsire in hali ya yi. Ruwa ba ya sha sai ya dawo gida, wai kada fitsari ya tsayar da shi da fasinja. In ya shiga ban-ɗaki sai ya yi ta yunƙuri kamar mai ɗaga buhun masara.

Wata biyar ya yi yana ɓoye abin. Babu jiƙon da bai sha ba na masu lasifika a kasuwa, mai ɗaci da mai bauri da wanda ke sa mutum gudun ban-ɗaki. Ya bar rake, ya bar sukari. Ya yanko soso ya ɗaure a kan kujera, ya ƙara wani a kai. Duk da haka in taya ta taka tsakuwa sai ya ji ta har tsakar kansa. Da Huseina ta ji shi a zaure yana tambayar wani dillali ko za a sami mai sayen babur, sai ta yafa mayafi ta zo wurina. Mu biyu muka tsare shi, muka ƙi ba shi hanya sai da ya yi alkawarin zuwa asibiti.

A asibiti kowa na zaune a benci, shi yana tsaye jikin bango. Da aka kira shi ya shiga, sai ya fara da cewa wani abokinsa ne ba shi da lafiya, kunya ta hana shi zuwa. Likitan, wani siririn mutum mai tabarau, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ja labule ya ce to abokin ya hau gado ya kwanta ta gefe. Ramalan ya hau, ya rufe fuska da hula.

Da aka gama dubawa likita ya rubuta masa man shafawa, a ɗan bututu kamar na man goge baki. Ya ce magani biyu ne a haɗe: ɗaya yana saukar da kumburi, ɗaya yana sa wurin barci don a daina jin zafi. A wanke wurin, a tsane, a shafa kaɗan safe da yamma da kuma bayan an kewaya. Ya ce man ba ya cire tushen ciwon, hutu kawai yake bayarwa. Tushen yana ga taurin bayan-gida, shi kuma sai da ruwa da ganye da barin yunƙuri. In an ga jini a dawo. Ya ɗaga yatsu ya nuna masa.

"Kwana bakwai, Malam Ramalan. Ka ji ko? Ban ce takwas ba."

Ramalan ya ce ya ji.

Bayan la'asar ya shafa na farko. Ya fito tsakar gida ya tsaya yana jira, ba ya tsammanin komai, don an sha yi masa alkawari. Huseina na tankaɗe. Kafin ta gama sai ya ji wutar da ya yi wata biyar yana ɗauke da ita tana lafawa, tana lafawa, har ta mutu. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar. Ya kife turmi ya zauna a hankali. Ya tashi, ya sake zama da ƙarfi. Ya koma kan dutsen wanki, ya zauna, ya murza.

"Huseina, zo ki gani."

"In ga me?"

"Zama."

Washegari sawu huɗu ya yi Kibiya, yana danna ham ga duk wanda ya gani, har da shanu. Mutumin da ba ya iya furta sunan ciwon sai ga shi a tasha ya tara 'yan'uwansa 'yan acaɓa yana ba su labari daga farko, har da gado da labule. Yana fito da bututun daga aljihu yana nuna musu, ba ya bari a taɓa. Ya kori dillali. Ya kwance soson nan ya ba wa kaji su yi ƙwai a kai.

To a nan ya yi wautar. Zafi ya tafi, shi a wurinsa ciwo ya tafi ke nan. Maganar ruwa da ganye ya bar ta a ƙofar asibiti, ya koma ga gurasarsa da yaji. Kwana bakwai suka cika, ya tsaya kwana ɗaya, ya ji ɗan tsami, sai ya ce ai abin da ya yi maka rana ba a yar da shi. Da man ya ƙare ya kai bututun wani kemis, aka ba shi irinsa ba tare da an nemi takardar likita ba. Sannan alherinsa ya motsa. Ya matsa wa abokin acaɓarsa Munzali a guntun leda, ya matsa wa Badamasi mai faci, ya matsa wa wani da ƙaiƙayi kawai yake yi. Har wani ya zo da ciwon haƙori yana roƙo. Sunansa a tasha ya koma Likita, yana amsawa yana gyara hula. Mako shida yana shafawa, in rana ta yi tsawo har sau biyar.

Ran nan ya sake ɗauko ni za mu kasuwa, yana sanye da farar riga, yana ta zuba. Da ya sunkuya zai gyara igiyar kaya sai na ga jini a bayan rigar, faɗin tafin hannu. Na taɓa shi na nuna masa. Ya juya ya duba, ya yi dariyar yaƙe, ya ce wallahi ba ya jin komai. Na ce abin tsoron ke nan, jiki yana zubar da jini mai shi bai sani ba. Na ce ya juya kan babur mu nufi asibitin Rano, daddawa ta jira wata kasuwar.

Likita bai ɗaga murya ba, amma Ramalan ya ce gara a ce marinsa ya yi. Likitan ya gaya masa cewa maganin saukar da kumburin nan in aka daɗe ana shafa shi sirantar da fata yake yi, kuma abin da ya faru ke nan: fatar wurin ta yi laushi ta tsage, ƙwayar cuta ta shiga, mai sa barcin kuma ya hana shi jin abin da ke faruwa. Ya karɓi bututun ya jefa a kwandon shara. Ya rubuta wani maganin daban, ya ce mako uku ba shi ba hawa babur, in kuma wurin bai haɗe ba sai an tura shi Kano a yi masa aiki. Ya ce duk wanda ya matsa wa a leda ya turo shi.

Ga shi kaka ta yi, kowa na fitar da amfanin gona, lokacin da ɗan acaɓa ba ya samun sukunin cin abinci. Huseina ta zare makullin babur ta ƙulle a bakin zaninta. Ramalan ya kwanta ta gefe a gindin darbejiya yana jin babura na wucewa, yana gane kowanne da kukansa. Wancan Munzali ne, ya ɗauki fasinjansa na Saji. Sau biyu yana lallaɓa Huseina ta ba shi makulli, wai zai ɗumama inji kawai. Ta ce inji ba ya jin sanyi. Ta cika shi da kwaɗon zogale da rama, da miyar kuɓewa, da gwanda, da ruwa kofi bayan kofi. Safe da yamma ta zuba masa ruwan ɗumi a baho ya zauna a ciki, yadda likita ya ce. Duk sa'ad da na shiga gidan sai na yi masa barka da jego, in tambaye shi yaushe ne suna.

Ranar da mako uku suka cika a mota ya tafi asibiti, bakinsa bai huta da addu'a ba. Likita ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wurin ya haɗe, kumburin ya sauka, babu maganar aiki. Yana iya komawa kan babur, amma ya riƙa sauka yana miƙe ƙafa, kuma man nan sai in shi ya rubuta. Ramalan ya kama hannun likita da hannu biyu ya ƙi saki. Ya dawo gida tun daga zaure yana kiran Huseina ta kwance bakin zani ta ba shi makulli. Ya goge babur har taya, ya tayar, ya zaga garin sau biyu babu fasinja.

Yanzu jarkar ruwa a ɗaure take a gefen baburinsa, kuma duk wanda ya hau bayansa sai ya sha wa'azin zogale. Shekaranjiya da ya ɗauke ni, tun daga ƙofar gidana har gadar da ke kafin Kibiya yana ba ni labarin yadda yake kewayawa yanzu cikin sauƙi, sau nawa, da wane lokaci. Da ya sauke ni na ɗauki kwandona na ce:

"Ramalan, ka warke, mun gode Allah, ni ma na yi murna. Amma in ka ƙara ba ni labarin ban-ɗakinka ina riƙe da abin miyar mutane, a ƙafa zan riƙa zuwa kasuwa."