Tsuguno Hamsin

Da likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ƙanwata ta turo mini wani tsari a waya na masu farawa a gida: tsuguno goma kullum, bayan mako a ƙara biyar. Raina ya ɓaci. Ni da nake saɓa cinyar bijimi a kafaɗa a mahautar Talata Mafara, ni za a ce wa goma? Na rufe ɗaki na yi hamsin a ranar farko.

Washegari na tafi Bakura gaida surukina. Cinyoyina sun yi tsami, ban kula ba. Na cire takalma a ƙofar zaure, na tsuguna gabansa. Muka gaisa, ya tambayi gida, iyali, kasuwa, damina. Gaisuwa ta ƙare, na yunƙura in tashi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Na sake yunƙurawa, ko motsi. Gumi ya karyo mini.

A wurinmu, wanda ya zauna a tsugune bayan gaisuwa, magana mai nauyi ce ta kawo shi. Tsohon ya zuba mini ido, ya ajiye carbinsa, ya ce, "Faɗi, ɗana. Sakinta ka yi?"

Na nuna masa ƙafafuna. Shi ɗin, da furfurarsa da sandarsa, shi ya kama hannuna ya ɗaga ni. Tun daga ranar, goma nake yi, ba na ƙara ko ɗaya sai mako ya cika.